Giram biyu a cikin bariyeta: me sauya rola ke yi wa babbar sikuta?

Wanda ya saba da roba-roba ko Boxer, ranar da ya fara hawa babbar sikuta irin Yamaha XMAX ko Suzuki Burgman 400, ƙafarsa ta hagu za ta yi ta laluben giya ba ta samu ba. Hannun da ke hagu ma birkin baya ne, wanda ya manta ya damƙe shi da niyyar kama kuloci zai sha mamaki. Ko tsohuwar Vespa ta dattawanmu tana da giyarta, a hannu ake murɗa ta. Wannan kuwa totur kawai ake murɗawa, babur ya zaɓar wa kansa giya tun daga tashi har ƙarshen gudu. Kuma masu yin zaɓin wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne guda shida ko takwas da ke ɓoye a cikin fulin gaba, kowace ba ta wuce nauyin ƙwayar goro ba. Makanikai na kiransu rola. A Italiya da Sifen da Faransa, inda TMAX, babbar sikutar Yamaha, ke da farin jini, da Indonesiya da Tailan da Taiwan, inda sikuta ta zama ƙafar kowa, sauya waɗannan rololi shi ne gyaran farko da mai son ƙarin kuzari ke yi, domin ya fi sauran gyare-gyare araha kuma ba a taɓa cikin inji.

Dabarar ta tsufa. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna ƙaramar motarsa mai irin wannan giya ta bel a 1958. Manyan sikutoci sun zo daga baya: Honda Helix a 1986, Yamaha Majesty 250 a 1995, Burgman 400 a 1998, sai TMAX a 2001. Amma kafin mutum ya kashe kuɗinsa ya tabbatar babur ɗinsa na cikin masu rola. Burgman 650 lantarki ne ke matsa fulinsa, Honda X-ADV da Forza 750 kuma giya ce ta haƙora mai kuloci biyu da kwamfuta ke sauyawa. Waɗannan babu rolar da za a sauya musu.

In aka kwance dogon murfin da ke gefen hagu, abin da ido zai gani bai yi nisa da injin niƙa ba: fuli a gaba, fuli a baya, bel a tsakani. Sai dai fulin injin niƙa girmansa ɗaya ne kullum, waɗannan kuwa kowanne ɓari biyu ne, kamar an haɗa malfa biyu tsini na kallon tsini, bel na zaune a kwarin da ke tsakaninsu. Ɓarin biyu suka matso juna, kwarin ya tsuke, bel ya rasa wurin zama ya hau can baki, fulin ya koma kamar babba. Suka ja da baya, bel ya nutse tsakiya, fulin ya koma ƙarami. A tashi, bel yana ƙasa a gaba, yana sama a baya, wato giya ta ɗaya ke nan. A ƙarshen gudu ya juye, yana sama a gaba, yana ƙasa a baya. Tsakanin waɗannan biyu babu matakala, gangara ce sumul.

Fulin gaban shi ake kira bariyeta. Ɓarinsa ɗaya a ɗaure yake da karanshaf, ɗayan yana zamewa gaba da baya. A bayan mai zamewar akwai kwaruruka masu lanƙwasa, kowane da rolarsa a ciki, an rufe su da wani faranti mai gangare da ba ya matsawa. Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa a gona ya san yadda dutse ke jan hannu yana neman tsere, kuma gwargwadon saurin wulwulawa gwargwadon jan. Haka rololin nan suke yi in inji ya ɗauki juyi. Suna neman fita waje, hanyar kuma tana ƙara tsukewa, to sai su bankaɗa ɓari mai zamewa gaba, shi kuma ya matse bel ya tura shi sama.

Mutum zai raina ƙarfin abin sai ya yi lissafi. Rola mai giram 17, in tana nesa da tsakiya da santimita 5, inji kuma yana juyi 6,000 a minti, tana tunkuɗa waje da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 34. Guda shida sun haura kilo 200, buhun siminti huɗu ke nan. Kuma ƙarfin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da juyi: a ninka juyi sau biyu, shi ya ninka sau huɗu.

To me ya hana rololin su tura bel ƙarshe tun daga tashi? Fulin baya. A cikinsa akwai wani ƙaton sifirin da ke matse ɓarinsa biyu, yana riƙe bel a sama, kuma tunda tsawon bel ɗaya ne, ba zai hau a gaba ba sai ya sauka a baya. Ban da sifirin, akwai wasu tsage-tsage na karkace da fil ke bi a jikin fulin. In taya ta ji nauyi, kamar a hawa tudu ko an buɗe totur gaba ɗaya, karkacewar nan tana ƙara matse bel, ta mayar da babur ƙaramar giya. Kokawa ce ake yi tsakanin gaba da baya ko da yaushe, kuma inda suka yi kunnen doki, nan juyin inji yake tsayawa.

Wannan ana jin sa da kunne. Buɗe totur duka daga tsaye ka saurara. Da farko inji zai ɗaga murya, kuloci ya kama, babur ya zabura. Daga nan muryar za ta tsaya cak a wuri ɗaya, alhali allurar gudu tana ta hawa, 40, 60, 80, 100. Wannan zangon shi ne lokacin da bel yake hawa fulin gaba. Can in bel ya ƙure baki, giya ta ƙare, sai murya ta sake hawa tare da gudu kamar kowane babur a giyarsa ta ƙarshe. Duk maganar nauyin rola a kan zangon tsakiyar nan take. Rola mai nauyi tana cin kokawar tun inji bai ɗaga sosai ba, muryar ta tsaya a ƙasa. Mai sauƙin nauyi sai inji ya ƙara juyi kafin ta iya tura bel, muryar ta tsaya a sama.

A nan ne masu talla suke rufe ido. Rola ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko na ƙwayar zarra. Aikinta zaɓen juyin da inji zai zauna a kai lokacin da babur ke tara gudu. Kowane inji yana da juyin da ya fi bayar da ƙarfi. A takardar Yamaha, injin XMAX 300 mai cc 292 yana kai ƙololuwar ƙarfinsa, kilowat 20.6, a juyi 7,250, ƙololuwar murɗinsa kuma, wato ƙarfin jan kaya, a 5,750. TMAX 560 na 2020 yana ba da kilowat 35 a juyi 7,500, kilowat 35 ɗin kuwa shi ne iyakar ƙarfin da lasisin tuƙin babur na A2 a Turai ya yarda da shi. In bariyeta tana riƙe inji ƙasa da ƙololuwarsa sosai lokacin da aka buɗe totur duka, akwai ƙarfin da aka biya kuɗinsa yana kwance ba a taɓa shi. Rage nauyin rola yana kai inji kusa da wurin. Iyakar ribar ke nan, kuma tana da iyaka, domin abin da babu a cikin inji rola ba za ta ƙirƙiro shi ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna hanya. Mu ɗauka babur ya zo da rola shida masu giram 17, kuma agogon juyi yana tsayawa a 6,000 in an buɗe wuta. In aka sa masu giram 15, juyin zai tashi da kusan kashi 6 cikin ɗari, ya koma wajen 6,400. Masu giram 13 za su kai shi wajen 6,850. Masu giram 19 za su sauko da shi wajen 5,700. Yadda ake samo wannan: a raba tsohon nauyi da sabo, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon, a ninka juyin da ita. Kiyasi ne kawai, domin lanƙwasar kwaruruka da aikin fulin baya suna ɗan karkata amsar, amma ya isa ya nuna cewa giram ɗaya ko biyu ba abin wasa ba ne. Duk rololin shida giram 102 ne, su ne ke juya halin babur mai kusan kilo 180.

Kada a ɗauka injiniyoyin kamfani ba su san wannan ba. Sun sani sarai, amma su mutane da yawa suke yi wa ɗinki da awo ɗaya. Akwai dokar ƙara, akwai dokar hayaƙi irin Euro 5 da ta fara aiki kan sabbin samfuran babura a Turai a 2020, akwai shan mai, akwai tsohon da yake son ya isa ofis ba tare da inji na yi masa kururuwa a ƙarƙashin kujera ba. Shi ya sa nauyin kamfani yakan karkata ɓangaren natsuwa. Wanda ya rage nauyi yana sayar da wani abu ne ya sayi wani: zabura da sauƙin wuce mota a gefe ɗaya, ƙarin ƙara da ƙarin mai a tafiyar cikin gari a ɗaya gefen.

In aka wuce gona da iri, nan ake gudun gara a faɗa gidan zago. Rola ta yi sauƙi fiye da kima, inji zai haura ƙololuwarsa ya koma inda ƙarfinsa ke raguwa, ya yi ta ihu babu abin a zo a gani. Abin haushin shi ne mai babur yakan rantse ya ƙara gudu, domin kunne yana ruɗar jiki, duk abin da ya fi ƙara sai a ji kamar ya fi sauri. Wani lokaci ma rololin ba su da ƙarfin da za su kai bel baki, giyar ƙarshe ta ɓace, iyakar gudu ta ragu, inji kuma yana shan wahala a doguwar hanya. In ta yi nauyi da yawa kuma, kamar direban da ya tashi mota ya zura giya ta huɗu tun bai bar layinsu ba: babur ya yi nawa, ya riƙa nishi a tudu. Masu cewa rola mai nauyi tana ƙara iyakar gudu ba su faɗi daidai ba. Muddin bel ya riga ya kai baki, ƙarin nauyi ba shi da inda zai ƙara kai shi.

Ana iya ganin inda bel yake kaiwa da ido. Ɗauki maka mai kauri ka ja layi biyu ko uku a fuskar fulin gaba, daga tsakiya zuwa baki. Mayar da murfi, fita hanyar da babu jama'a ka ƙure gudu, ka dawo ka buɗe. Duk inda bel ya taka ya goge tawadar tas, sai ɗan guntun layi ya rage a baki. Tsawon guntun nan shi ne giyar da ba a taɓa ba. Ɗan kaɗan yakan rage ko a lafiyayyen babur, amma in ya ƙaru bayan an sauya rola, an rage nauyi fiye da yadda ya kamata.

Ni a nawa ganin, yawancin masu yabon sabbin rololi ba nauyin suke ji ba, sabuntar suke ji. Buɗe bariyetar da ta daɗe ba a duba ta ba ka gani. Baƙin gari mai laushi kamar bunu zai zubo maka a hannu, garin bel ne da na kuloci haɗe da ƙurar hanya. Ɗauki rola ɗaya ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni. Maimakon ta juya sumul, sai ka ji ta tsaya a wani gefe da ya lafe kamar an goga shi a dutse. Irin wannan ba ta birgima, sai ta maƙale ta saki, babur ya riƙa fizga kamar yana sa giya. Sai a auna faɗin bel a gwada da adadin da ke littafin babur. Bel ɗin da ya sirance yana nutsewa a fulin gaba, ba ya kai baki, iyakar gudu ta ragu, juyi ya ƙaru. A jikin fulin kansa ma ana samun kwarin da bel ya ci a inda ya fi zama, farce yana jin sa. Yamaha tana cewa a sauya bel ɗin TMAX duk kilomita 20,000, sauran ma kowane da nasa adadin a rubuce. Duk wanda ya ɗora gwajin nauyi a kan tsohon bel da cinyayyen fuli, abin da ya auna ba zai maimaitu ba ranar da ya sa sabbi.

Kasuwar kayan tana da faɗi. Rola ana sayenta da awo uku: kaurinta da tsawonta a milimita, sai nauyinta a giram. Biyun farko ba a taɓa su, dole su zo daidai da na bariyetar. Kamfanin Dr. Pulley na Taiwan ya yi suna da wata iri da ba ta birgima, zamewa take yi, tana da gefuna a lafe da wani ɗan fiffike. Abin da masu ita ke cewa shi ne siffar tana ba ta damar fita waje fiye da zagayayyiya, don haka a samu zabura a tsakiya, juyi kuma ya sauko a doguwar hanya, ga shi ba ta yin lafewar gefe tunda dama a lafe take. Amma tana da gaba da baya, tana da sama da ƙasa. A sa ta a juye, ko a bar farantin baya ya saki lokacin mayarwa ta kife a ciki, babur ya rikice. Malossi da ke kusa da Bolonya da Polini da ke kusa da Bergamo, dukansu a Italiya, suna sayar da bariyeta sukutum mai kwaruruka da aka sake wa lanƙwasa, J.Costa na Sifen kuma ya yi tasa da wasu sanduna da ke zamewa ta tsawon karanshaf. Duk wanda ya sayi irin wannan ya manta da nauyin kamfani, domin giram 15 a wata lanƙwasar ba ita ce giram 15 a wata ba. Ya fara da abin da ya zo a kwalin.

Akan gauraya nauyi biyu in ana neman tsaka-tsaki: uku masu 15 da uku masu 17 sun ba da 16. Sharaɗin shi ne a jera su ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi, mai sauƙi, mai nauyi, don kada fuli ya rinjaya gefe guda ya riƙa girgiza karanshaf. Don gwaji babu laifi, in an gane adadin da ake so sai a sayi cikakken saiti. Kuma a ɗora kowace a kan ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal kafin a sa, musamman masu araha da ba su da suna, domin abin da aka rubuta a leda ba lallai ya zama abin da ke ciki ba.

Wasu suna kai wa rola ƙarar da ba tata ba. Lokacin da babur yake fara motsi daga tsaye, kuloci ne da 'yan ƙananan sifirin ɗinsa ke yanke shi. Karkarwar da ake ji a tashi, musamman da safe ko a cunkoso, yawanci ƙura ce ko fuskar takalman kuloci ta yi santsi kamar gilashi, abin da wanki da 'yar gogar samfefa kan magance. TMAX ma nasa kulocin a cikin mai yake, lissafinsa daban. Sai babban sifirin ɗin baya: sa mai tauri yana ɗaga juyi kamar yadda rage rola ke yi, amma yana ƙara matse bel, zafi ya ƙaru, bel ya ci da wuri. Wanda ya sauya rola da sifirin da salansa rana ɗaya, in abu ya gyaru bai san wa zai gode wa ba, in ya lalace bai san wa zai kama ba.

Wajen ɗaurawa akwai kuskure ɗaya da ke cin kuɗi mai yawa. Kafin a ɗaure notin gaba, sai an matse fulin baya da hannu an buɗa shi, bel ya nutse a can, ya saki a gaba. In ba haka ba, bel zai shiga tsakanin ɓarin biyu, noti ya yi tauri a kan roba, makanike ya ɗauka ya ɗauru. Da an tayar da inji bel ya goce, noti ya saki, fuli ya fara wasa a kan haƙoran karanshaf har ya cinye su, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya koma buɗe inji. Notin nan ana ɗaure shi ne da sifana mai awo, daidai adadin da littafi ya faɗa, tare da ƙarfen da ke riƙe fuli. Bindigar iska ba ta san awo ba. Giris kuma ya danganta da babur: akwai bariyetar da aka tsara ta yi aiki a bushe, akwai wadda aka yi wa murfin riƙe giris na musamman. Ko wace iri ce, kada ɗigon maiƙo ya taɓa fuskar fuli ko bel.

Gwaji yana son hanya ɗaya, mahayi ɗaya, inji da ya riga ya yi zafi. A je a dawo saboda iska, a auna gudu da manhajar waya mai amfani da tauraron ɗan'adam tunda allurar babur takan ƙara gishiri, a rubuta daƙiƙun da aka ɗauka daga 0 zuwa 80 da kuma daga 60 zuwa 100, tare da inda agogon juyi ya tsaya. Na biyun ya fi amfani ga mai bin babbar hanya, domin shi ne lokacin da ake zama a gefen tirela ana neman wuce ta.

Wanda ya shigo da irin wannan babur ƙasashenmu ya tuna shawarar da zai gani a intanet yawanci daga masu hawa a sanyin Turai ko damshin Asiya take. A watan Afrilu cikin murfin nan tanda ne, ƙurar hunturu kuma tana toshe filtar da ke shigar da iskar sanyaya bel, don haka wanke filtar ya zo gaba da duk wani gyara. A Jos, da ke sama da mita 1,200, iska ta fi sirara, inji yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, ga hawa da sauka, to rage giram ɗaya ko biyu yana da hujja. Haka mai yawan goyo da kaya a cikin gari. Mai bin doguwar hanya miƙaƙƙiya kuwa, wanda yawancin tafiyarsa bel yana can baki, zai biya kuɗin rola ya dawo ya tarar allurar juyi tana nan inda ya bar ta. A misalin nan na giram 17, ni zan fara da 16, in ƙure a 15, tsofaffin kuma in zuba su a leda in rubuta nauyinsu a jiki in ajiye a ƙarƙashin kujera.